Sauye-sauyen Aiki da Jin Daɗin Ma'aikaci a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun sauye-sauyen da aka samu a harkar aiki da neman abinci a arewacin ƙasar Zamfara, watau garuruwan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su, tun daga ƙarni na 19 har zuwa 'yan shekarun nan, sa'an nan mu auna yadda kowane sauyi ya shafi mutumin da ke yin aikin da hannunsa. Masu rubuta tarihin tattalin arziki sun fi mayar da hankali ga yawan gyaɗa da audugar da aka fitar waje, da kuɗin da suka shiga baitulmali. Mu kuwa wanda ya dame mu shi ne manomin da ya noma gyaɗar, da matar da ta ɓare ta, da ɗan dakon da ya ɗora buhun a ka ya kai shi bakin tarago.

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Idan mun ce ma'aikaci, muna nufin duk wanda ke ci da guminsa, ko yana karɓar albashi ko ba ya karɓa. Idan kuma mun ce jin daɗi, muna nufin abin da Bahaushe ya tattara a cikin kalmomin lafiya da rufin asiri da kwanciyar hankali. Saboda haka tambayar da za mu riƙa yi wa kowane zamani guda ɗaya ce: idan ma'aikaci ya kwanta ciwo, ko ya tsufa, ko damina ta ƙi, wane ne ke ɗaukar nauyinsa?

2.0 Aiki kafin zuwan Turawa

Wannan yanki yana kwance ne a kan gulaben Gagare da Bunsuru, waɗanda ke gangarawa arewa su shiga gulbin Rima. Yana da tudu na gero da dawa da auduga, yana kuma da fadama ta shinkafa da albasa da taba. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da faɗuwar Alƙalawa a 1808, mulkin Zurmi da Ƙaura ya kasance a hannun Fulani Alibawa, kuma daga sunan jarumin nan nasu, Namoda, garin Ƙaura ya samo sunansa. Yankin na kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato. Ta nan Bature Clapperton ya bi a 1824, haka kuma Barth a 1853, wanda ya bayar da labarin cewa ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a, auduga kuwa ita ce babbar hajarta. Ashe ke nan noman sayarwa ya riga Turawa zuwa wannan ƙasa.

Ginshiƙin aiki a lokacin shi ne gandu. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa sukan yi aiki a gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, sa'an nan kowane baligi yana da gayaunarsa wadda yake nomawa da yamma ko a ranakun da aka ware masa. Haƙƙin maigida ne ya ciyar, ya yi wa saurayi auren fari, ya biya abin da sarauta ta aza wa gidan. Idan aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a dafa abinci, makaɗan noma su zo su zuga samari. Shi kansa Ibrahim Narambaɗa na Tubali da kiɗan noma ya fara kafin ya koma kiɗan sarauta. Da rani kuma sai sana'o'i su tashi: saƙa, rini, jima, ƙira, dukanci, ga kuma gurzar auduga da kaɗi a hannun mata.

Bai kamata mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Wani babban kaso na aikin gona bayi ne ke yin sa, kuma bawa ba shi da iko da kansa balle da guminsa, sai fa wanda ubangijinsa ya yarje masa ya yi murgu, watau ya nemi na kansa yana biyan wani abu. Ga kuma yaƙe-yaƙe tsakanin daular Sakkwato da Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka sa garuruwan wannan iyaka suka zauna cikin ganuwa. Duk da haka, game da tambayarmu, amsar a fili take: nauyin mara lafiya da tsoho yana kan gandu da dangi da rumbun tsimi, sa'an nan zakka da taimakon maƙwabta.

3.0 Mulkin mallaka: haraji, 'yancin bayi da cin rani

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka sa wannan yanki cikin Lardin Sakkwato. Abubuwa biyu da suka zo da su sun girgiza tsarin aiki. Na farko shi ne dokar bauta ta 1901, wadda ta hana kamun bayi da sayar da su, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne. Dokar ba ta 'yanta waɗanda ke cikin bauta nan take ba. Kamar yadda Lovejoy da Hogendorn suka nuna a littafinsu na 1993, an bar bawa ya fanshi kansa ta hanyar murgu a gaban alƙali, ba a kuma soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936. Wanda zai fanshi kansa kuwa dole ya nemi kuɗi, neman kuɗi kuma shi ne ƙwadago.

Abu na biyu shi ne haraji da jangali, waɗanda sannu a hankali aka tilasta a biya su da kuɗin Turawa, aka ture wuri. Haraji yakan faɗo ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka talaka yakan sayar da abin da ya kamata ya shiga rumbu, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina. Michael Watts a littafinsa na 1983 ya bayyana yadda wannan ya raunana garkuwar da manoman ƙasar Hausa ke da ita a kan yunwa, har farin 1913 zuwa 1914 ya zama babbar masifa.

Daga nan ne cin rani ya sauya kama. A da almajirai da masu sana'a da fatake ne suka fi yin sa. Yanzu sai ya zama hanyar neman kuɗin haraji da rage bakuna a gida. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙidaya a kan manyan hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, kuma bisa ga rahoton R. M. Prothero an ƙirga fiye da mutum 250,000, mafi yawansu 'yan lardin, wasu sun nufi ƙasar Yarabawa, wasu har Gwanja da gonakin koko na ƙasar da ake kira Gana a yau. Ɗan cin rani yakan dawo da kuɗi da tufa da buɗewar ido, amma idan ciwo ya kama shi a hanya, ko mai aiki ya hana shi haƙƙinsa, ba shi da kowa sai maigidan da ya sauke shi a zango.

4.0 Jirgin ƙasa da zamanin gyaɗa da auduga

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a can daga 1912. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan kuma dogo ya tsaya. Wannan ya mayar da Ƙaura matattarar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na arewacin Zamfara da gabashin Sakkwato. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da wuraren awo a garuruwan bakin dogo, aka samu sababbin ayyuka da ba a san su ba a da: akawun sikeli, ɗan baranda, ɗan kamasho, maɗinkin buhu, maigadi, da ɗimbin 'yan dako. Masu jakuna da raƙuma suka samu aikin jigilar kaya daga kasuwannin Shinkafi da Zurmi da Moriki zuwa tasha. Kamar yadda binciken Kenneth Swindell ya nuna, gabashin lardin ya zama wurin da baƙi ke shigowa neman gona da aikin barema, bayan kasancewarsa wurin da ake fita cin rani.

Ba za mu musa ba cewa kuɗi sun shiga hannun jama'a. An ga kwanon rufi da keke da fitilar ƙwai da atamfa, saurayi kuma ya iya tara kuɗin aurensa da kansa. To amma a nan ne gandu ya fara tsagewa, domin saurayin da ke iya biyan harajinsa da sadakinsa daga gyaɗar gayaunarsa ba shi da dalilin da zai daɗe a ƙarƙashin maigida. Ya samu 'yancin kai, ya kuma rasa babban rumbun da ake komawa gare shi ranar wuya. Daɗin daɗawa, farashin abin da ya noma a Ingila ake yanke shi. Jirgin ya iso Ƙaura ne daidai shekarar da kasuwannin duniya suka karye, sai farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. Manomi da yawa ya shiga cin bashi da damina a hannun ɗan baranda, ya biya da amfanin gona da kaka a kan farashin da mai bashi ya ga dama.

Masu sana'ar hannu ma abin ya taɓa su. Injinan gurzar auduga na Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila a Funtuwa da Gusau sun riƙa janye audugar da mata ke kaɗawa, yadin kanti kuma ya rage wa masaƙa da marina kasuwa. Ƙarfen reluwe da na mota ya kashe aikin narka tama. Mata sun rasa kuɗin zare, amma sun samu wani abin yi wajen ɓarar gyaɗa da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Daga baya, da hanyoyin mota suka kyautatu a shekarun 1950 da 1960, manyan motoci suka ƙwace jigilar nesa daga hannun masu jakuna da raƙuma.

Wajibi ne mu ambaci aikin tilas. An gina dogon Baro zuwa Kano ne da leburorin da hakimai da dagatai suka tara bisa umurnin Turawa, irin abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, kuma an ci gaba da irin wannan ɗiba wajen gyaran hanyoyi da ɗaukar kayan ma'aikatan gwamnati. Ko da yake Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, da Japan ta kama Malaya a 1942 sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos har 1944, inda sanyi da ƙarancin abinci da cututtuka suka halaka da dama, kamar yadda Bill Freund ya rubuta a 1981.

5.0 Ma'aikacin albashi da dokokin ƙwadago

Tashar Ƙaura da ofisoshin En'e sun haifar da wani sabon rukuni, watau ma'aikatan da ke karɓar albashi a ƙarshen wata: tashamasta, direba da mai zuba gawayi, leburorin gyaran dogo, malaman makaranta, malaman asibiti, malaman gona da 'yan doka. Da yawa daga ƙwararrun ma'aikatan reluwe daga kudancin Nijeriya suka zo, suka zauna a sabon gari. Su ne suka fara cin moriyar dokokin ƙwadago: dokar ƙungiyoyin ma'aikata ta 1938, da dokar biyan diyyar rauni a wurin aiki ta 1941. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe a ƙarƙashin Michael Imoudu ita ce ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40 a kan neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai zaman kanta.

Wannan rukuni ya samu sabuwar amsa ga tambayarmu: idan ya yi ciwo akwai asibiti da hutu, idan ya tsufa akwai fansho. Abin lura shi ne ƙanƙantar rukunin. Ɗan dakon da ke loda tarago aikin jinga yake yi, ana biyansa bisa yawan buhunan da ya ɗauka, ranar da bayansa ya ƙage kuwa ladansa ya tsaya. Manomi da barema da makiyayi da matar da ke ɓarar gyaɗa babu wanda dokar ta san da zamansa. Har ila yau, daga 1949 hukumomin ciniki suka karɓe sayen gyaɗa da auduga, daga 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta gaje su. Sun ba manomi tsayayyen farashi a kowace kaka, wanda ya rage masa fargaba, amma farashin yakan kasance ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa ta tafi ga ayyukan gwamnati. Watau gumin manomi ya taimaka wajen gina makarantu da masana'antu da biyan albashin wasu, shi kuwa bai samu fansho ba.

6.0 Faɗuwar gyaɗa da zamanin man fetur

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Cikin shekara goma abin ya rushe. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfani ya kashe dabbobi, sa'an nan a 1975 cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta lalata gyaɗar Arewa. A daidai lokacin kuɗin man fetur suka cika baitulmali, aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, kaya suka yi tsada, samari suka bar gona suka nufi birane aikin gini da leburanci. Gwamnati ta yi ƙoƙarin farfaɗo da noma da shirin raya aikin gona na Gusau wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara, amma gyaɗa ba ta koma matsayinta na da ba.

Da kaya suka ragu, kuma motoci suka ƙwace saura, zirga-zirgar jirgi zuwa Ƙaura ta yi ta ja da baya tun daga shekarun 1980, har ta tsaya cik na tsawon shekaru. Ɗan dako da maɗinkin buhu da mai tuwon tasha duk suka rasa abin yi, ba sallama ba diyya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya rushe hukumomin ciniki, ya karya darajar naira, aka rage ma'aikata a hukumomin gwamnati. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suka shiga jiran fansho wata da watanni, wanda ya nuna cewa ita ma garkuwar albashi tana iya tsagewa. Masaƙar Gusau, wadda aka kafa a shekarun 1960 ta kuma ɗauki 'yan yankin aiki, daga baya ta rufe tare da sauran masaƙun Arewa.

An samu sababbin guraben albashi, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, da ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Amma mafi yawan matasa sun faɗa ne cikin ayyukan da babu rajista babu inshora: kabu-kabu, sayar da mai a bakin hanya, tura baro, gadi da yankan farce a biranen kudu, daga baya kuma haƙar zinariya. Haɗarin wannan aiki na ƙarshe ya bayyana a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake daka duwatsun ana niƙawa.

7.0 Aiki cikin rashin tsaro

Tun daga wajejen 2011 satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari a Zamfara, kuma Zurmi da Shinkafi na cikin wuraren da abin ya fi tsanani, saboda kusancinsu da dazuzzukan Dumburum da Sububu. Ba wurin tattauna musabbabin rikicin ba ne nan, ko da yake cinye burtali da makiyaya, da rashin adalci wajen shari'a, da zaman banzan matasa duk suna cikin abin da masana ke ambata. Abin da ya shafe mu shi ne yadda rikicin ya taɓa ma'aikaci. Manomi ya bar gonarsa ta nesa, makiyayi ya rasa garkensa, direba da ɗan kasuwa suna fita da fargabar garkuwa, malamin makaranta da na asibiti suna gudun a tura su ƙauye. A wurare da dama an aza wa ƙauyuka kuɗi kafin a bar su su yi shuka ko girbi, an kuma tilasta wa mutane noma gonakin 'yan bindiga ba lada. Duk mai nazarin tarihi zai ga kamannin wannan da haraji da aikin tilas na zamanin da ya shuɗe.

Matakan da hukuma ta ɗauka su ma sun faɗa a kan mai neman na yau. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, a watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya, bayan an rufe kasuwannin mako an taƙaita hawan babur da sayar da mai. Ko da an yi haka ne don tsaro, ɗan dakon kasuwar Shinkafi da dillalin dabbobi da ɗan kabu-kabu ba su da albashin da zai riƙe su har a buɗe.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa uku. Na farko, kowane sauyi ya ƙara wa ma'aikaci 'yancin kai da damar riƙe kuɗi, daga bawa zuwa mai murgu, daga ɗan gandu zuwa mai gonar kansa, kuma wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Na biyu, a kowane mataki nauyin asara ya riƙa sauka daga kan jama'a yana komawa kan mutum ɗaya, domin gandu ya raunana, abin da aka ce zai maye gurbinsa kuwa, watau fansho da diyya da mafi ƙarancin albashi, bai taɓa wuce 'yan tsirarun da ke cikin rajistar gwamnati da manyan kamfanoni ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa naira 70,000 a 2024, amma barema da ɗan dako ba su cikin lissafin. Na uku, duk shawarwarin da suka juya rayuwar ma'aikacin wannan yanki, daga shimfiɗa dogo zuwa rushe hukumomin ciniki, a nesa da shi aka yanke su.

Saboda haka muna ba da shawara cewa duk wani shiri na kyautata jin daɗin ma'aikata a wannan yanki ya fara da tabbatar da tsaron gona da hanya da kasuwa, sa'an nan ya bi ta ƙungiyoyin da jama'a suka riga suka amince da su, kamar na 'yan dako da direbobi da manoma da adashin mata, wajen shigar da su inshorar lafiya da ajiyar tsufa. Ga 'yan'uwanmu malamai da ɗalibai kuma, akwai aiki a gabanmu. Dattawan da suka yi dako a tashar Ƙaura, da waɗanda suka kora jakuna daga Shinkafi da Zurmi, da matan da suka yi kaɗi da ɓarar gyaɗa, suna ƙarewa, rikici kuma ya warwatsa da yawansu. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu su hanzarta ɗaukar bayanansu, a haɗa da takardun Lardin Sakkwato da ke gidan adana kayan tarihi na Kaduna, domin a rubuta tarihin wannan ƙasa ta bakin waɗanda suka yi aikin. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma cike inda muka gaza.